Ba a fafe gora ranar tafiya: shin sakaci ma ƙaddara ne?

A damunar da ta wuce na je gaida kawuna a wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, na tarar gidan ya yi tsit kamar an yi rashi. Da na tambaya sai aka ce kwamfutar ɗansa ce ta ƙone. Shi wannan ɗan'uwa nawa yana da ɗan shago a bakin kasuwa, inda yake buga takardu, ya ɗauki bidiyon biki da na saukar karatu, ya tura wa samari finafinai a waya. Hatta ƙungiyar manoman ƙauyen a wajensa ta ajiye sunayen 'ya'yanta, da wanda ya karɓi taki bashi da wanda ya biya. Rannan janareto ya yi wata irin ƙara, wuta ta hau, rumbun ajiyar kwamfutar ya tafi da aikin shekara huɗu. Babu kwafi ko ɗaya a wani wuri. Yaron da ya haɗa masa kayan, wanda shi kaɗai ya san lambobin sirri, ya tafi cirani kudu, wayarsa ba ta shiga.

Masu jaje suna ta shigowa, kowa ya ce, "Sai haƙuri, ƙaddara ce." Kawu yana gefe yana saurare. Da suka watse sai ya dubi ɗan nasa ya ce, "Ƙaddara ce kam, yaro. Amma ni tun da nake ban taɓa zuba irin shuka da hatsin ci a rumbu ɗaya ba." Wannan magana ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ajiye sharhin fim a wannan watan don mu tattauna wannan tambaya: idan mutum ya ƙi yin tanadi, abu ya lalace, yana da bakin da zai fake da ƙaddara?

Mu fara daga gona, tunda can Kawu ya kai mu. Duk wanda ya san karkarar Kano ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona ba ta hutu, kowace shekara sai an nome ta, an kai mata taki. Manomin da ke da 'yar gona ƙarama ba shi da damar yin wasa da abin da ya girba. Shi ya sa yake ɗora rumbu bisa duwatsu saboda gara da danshi, ya yi masa jinka kafin ruwan fari, ya ware damin da zai yi iri ya rataye shi daban. Wannan manomi shi ne zai fara fita roƙon ruwa in an yi fari, kuma ba wanda ya taɓa ce masa rumbunsa ya rage masa imani.

Addininmu ma haka ya koyar. Sanannen hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito ya nuna Manzon Allah (SAW) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah. A Suratu Yusuf mun ga shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bai wa mutanen Masar, su bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Sannan bayan yaƙin Yamama, da aka rasa mahaddata da yawa, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tattara Alƙur'ani a rubuce, aka ɗora wa Zaidu bin Sabit aikin. A zamanin Sayyidina Usman aka yi kwafi-kwafi aka aika manyan birane. Mai karatu, ka lura fa: waɗannan su ne mutanen da suka fi kowa sanin Allah ya yi alƙawarin tsare Littafinsa, amma ba su naɗe hannu ba.

To mu dawo gida, wato masana'antarmu ta fim. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, finafinan Hausa nawa aka fitar? Furodusa nawa ne a yau zai iya ɗauko maka mastar fim ɗinsa na farko, tsaf, da sunayen waɗanda suka yi aiki a ciki da takardar yarjejeniya? Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma waya da YouTube, a kowane tsallake kuma sai mun zubar da wani abu a hanya. Dubi Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da yawa ana ganin ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Ya tsira ne don wani ya taɓa sa shi a gwangwani ya ajiye.

Kada a ce mu kaɗai abin yake samu. A 1998, ana cikin aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba kwamfuta umarni bisa kuskure, akasarin fim ɗin ya goge. Da aka je ɗauko kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata, ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da take aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Darasin a nan shi ne, ajiyar da ba a gwada buɗe ta lokaci-lokaci tamkar rumbun da ba a leƙawa ne, ranar buƙata sai a tarar da gari.

Masana harkar suna da ƙa'ida mai sauƙi: kowane abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban, don in gobara ta ci shago kada ta ci duka. Bayan wannan akwai rubutu. Mai kula da kwamfutocin ofis, ko makaranta, ko ɗakin tace fim, ya kamata ya sami littafi da zai rubuta yadda ya haɗa komai, ina kowane abu yake, me za a yi in wani abu ya tsaya, lambobin sirri kuma a rufe su a ambulan a ba amintacce.

A nan ne maganar ta zama ta amana. Bidiyon bikin da ya ƙone a shagon ɗan'uwana ba nasa ba ne. A ciki har da na wata amarya da mahaifinta ya rasu bayan bikin, shi ne kaɗai hotonsa mai motsi. Lissafin bashin taki kuwa ya haɗa maƙwabta biyu rigima, wannan ya ce ya biya, wancan ya ce bai gani ba. In kayanka ne ka yi sakaci, kai ka jiyo. In na mutane ne, ka ɗauki haƙƙi. Akwai kuma masu ƙin rubutawa da gangan, wai don kada a iya yi ba tare da su ba. Wannan rowar ilimi ce, kuma mai yin ta ya manta shi ma yana da ranar tafiya.

Na san wani zai ce, "Malam, ai ko ka yi kwafi goma in Allah ya ƙaddara sai sun tafi." Gaskiya ne. Annabi Yaƙubu (AS) da ya ce wa 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, shi da kansa ya faɗa masu wannan ba zai tare masu hukuncin Allah ba, amma dai ya ba da shawarar. Bambancin yana ga ranar da abin ya faru. Wanda ya yi tanadi ya rasa zai ce ƙaddara ce da zuciya wasai, ya kuma iya kallon mai kaya a ido. Wanda bai yi ba, kalmar ɗaya zai faɗa, amma ya san a ransa mayafi ya yi da ita.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Ɗan'uwana yanzu ya sayi filas guda biyu da littafi mai bango mai kauri, duka ba su kai kuɗin ɗaukar biki ɗaya ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kwafe aikin mako, ya kai ɗaya gida ya ba Kawu. Shi kuma tsohon ya sa shi a jakar da yake ajiye takardar gonarsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.