Ka Je Ka Zauna a Bakin Kogi

Karatun yau: Irmiya 29:1-14

Ɗan'uwana cikin Almasihu, yaushe rabonka da zama a inuwar itace cikin garin nan, ba kana jiran mota ba, ba kana jiran mai bashi ba? Yawancinmu a Kaduna hanya uku muka sani: gida, wurin aiki, majami'a. Gari yana ta sāke kama a gefenmu, mu kuwa ta tagar Keke Napep muke leƙensa.

A bakin kogin Kaduna akwai wurin shaƙatawa da kowa ya sani da suna Gamji Gate, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Gamji laƙabin Sardauna Ahmadu Bello ne, asalinsa kuma sunan wani babban itace mai faɗin inuwa. A cikin wurin akwai 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya da ƙafa, wadda aka gina a Zungeru a 1904 zamanin Lugga, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan. Iyaye da yawa a cikinmu sun taka gadar nan suna yara. A ranakun Kirsimeti da na Sallah iyalai kan cika wurin, yara suna guje-guje, manya suna shimfiɗa tabarma. Tambayi kanka ko 'ya'yanka sun taɓa ganinta.

Na san amsar da wasu za su bayar, ba kuwa abin dariya ba ce. Garin da iyayenmu suka sani ba shi ne wannan ba. Masaƙun Kakuri da suka ci da dubban gidaje sun yi shiru. Rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 sun ci rayuka, sun kuma raba maƙwabta. Wanda ya tashi a Tudun Wada ko Rigasa ya kwashe kayansa ya koma Sabon Tasha, Narayi ko Television. Wani kuma ya bar kudu ya haura arewa. Kogin da Allah ya ba mu don sha da noma ya zama iyaka a zukatan mutane. Akwai 'yan'uwa a ikkilisiyar nan da ba sa haye gada sai dole, in sun haye kuma ido yana kan agogo. Wasunsu sun binne nasu. Ba mai ikon ce musu su manta.

Amma ka duba mutanen da Irmiya ya rubuta wa wasiƙa. Ba da son ransu suka je Babila ba. Nebukadnezzar ne ya kwashe su daga Urushalima, har da sarkinsu da masu sana'arsu. Mutanen da suke zaune a cikinsu su ne suka ci su da yaƙi. A Urushalima kuwa wani annabi, Hananiya, ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila kowa ya koma gida, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Daɗin ji gare ta, amma ƙarya ce. Saƙon Ubangiji na gaskiya ya ce shekara 70 ne. Saboda haka su gina gidaje, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu. Sa'an nan a aya ta 7 ya ɗora musu abin da ya fi nauyi: su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa.

Mu masu bi muna ƙaunar aya ta 11 ƙwarai. Muna manna ta a bayan mota, muna rubuta ta a katin biki, muna karɓarta da babbar Amin. Aya ta 7 kuwa ba kasafai ake jin ta a daren addu'a ba. Alhali wasiƙa ɗaya ce, ga mutane ɗaya. Allah wanda ya yi alkawarin bege da kyakkyawan ƙarshe, shi ne ya fara cewa a yi wa Babila addu'a.

To, yaya za ka yi wa garin da ba ka gani addu'a? Abin da ya sa nake aikenka wurin shaƙatawa ke nan. A majami'a kana zaune da masu bangaskiya irin taka. A unguwa, yadda garin ya rabu yanzu, mai yiwuwa duk layinku yarenku ɗaya, sujadarku ɗaya. A kasuwa kuna haɗuwa da kowa, amma ciniki ne ya haɗa ku, kowa yana tsaron aljihunsa. Wurin shaƙatawa yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda za ka zauna kusa da mutumin da ba ka nema kome a wurinsa, shi ma bai nema a wurinka ba. Can za ka ga uba mai hula da carbi yana bin 'yarsa da gudu kada ta faɗi, daidai yadda kake bin taka. Za ka ga matashi zaune shi kaɗai da takardun neman aiki a leda. Za ka ga tsohuwa mai sayar da gyaɗa tana lissafin cinikin yini. Daga ranar, idan ka durƙusa ka ce "Ubangiji, ka sa wa Kaduna albarka", fuskoki ne za su zo maka.

Ubangijinmu Yesu ma yana da lambun da ya saba zuwa. Yohanna 18 ya nuna mana cewa yana hayin rafin Kidron, ya kuma sha taruwa da almajiransa a can, har Yahuza bai sha wahalar gano wurin ba. A Filibi kuma, ranar Asabar, Bulus da abokan tafiyarsa sun fita ƙofar gari zuwa bakin kogi, suka zauna, suka yi magana da matan da suka taru. Ka lura, zama suka yi. Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, daga gidanta kuwa 'yan'uwa suka sami wurin taruwa a birnin. Ayyukan Manzanni 16 ke nan.

A nan zan ja kunnenmu kaɗan, mu 'yan Fentikos. Mun iya ɗaga murya, Allah ya ba mu wannan baiwa, tana kuma da lokacinta. Amma kada ka ɗauki lasifika ka je ka tsaya a kan iyalin da suka biya kuɗin shiga don su huta. Wannan ba ya jawo kowa ga Almasihu, haushi kawai yake haifarwa, a gari irin namu ma yana iya haifar da abin da ya fi haushi. Ka je da matarka da yaranka, da ɗan abinci. Ka gai da na kusa da kai, ka tambaye shi gida da iyali. Idan yaronsa ya miƙo hannu ga ƙwallon ɗanka, bar su su yi wasa. Ka yi addu'a a zuciyarka, cikin Ruhu, ba wanda zai hana ka. Idan Ruhu Mai Tsarki ya buɗe ƙofar magana, ka yi ta da tawali'u. Idan bai buɗe ba, ka tashi da salama, ka kwashe ledojinka da robobin ruwanka kafin ka tafi. Mai bi da ya bar shara a inda ya zauna ya riga ya yi wa'azi, sai dai ba mai kyau ba.

Wataƙila Gamji ya yi maka nisa, ko kuɗin mota ya yi wuya a watan nan. Ba laifi. Kusan kowace unguwa tana da ɗan fili: inda samari suke buga ƙwallo da yamma, ko gindin mangwaro da dattawa suke zama. Irin filayen nan suna ƙarewa. Yau ana wasa a wurin, gobe ka ga an zuba bulo, jibi shaguna sun tsaya. Gini ba zunubi ba ne, gari mai girma dole ya yi gini. Amma yaran da ba su da wurin wasa za su sami wani wurin, sau da yawa kuwa wurin da suke samu shi ne lungun da ake sayar da ƙwaya. Idan aka kira taron unguwa a kan filin, ka je, ka yi magana. Idan matasan ikkilisiya suna neman aikin yi ranar Asabar, ga share fili, ga dasa itatuwa a farkon damina. Mai dasa itace ya san wani ne zai fi shi shan inuwarsa, mai yiwuwa ma wanda ba ya shiga majami'arsa. Mutanen da aka kai Babila sun dasa, da yawansu kuwa ba su kai shekara ta 70 ba.

Ke kuma 'yar'uwata da kika rasa wani naki a rikicin garin nan, ba na ce ki tashi gobe ki haye kogi ba. Ubangiji ya san nauyin da kike ɗauke da shi, ba ya kuma gaggawa da masu raunin zuciya. Sai dai ki tuna da abin da Bulus ya faɗa wa Timoti game da irin Ruhun da aka ba mu, cewa ba na tsoro ba ne. Ki fara da filin da ke kusa da ke. Ki tafi da wata 'yar'uwa daga zumuntar mata. Ki zauna minti 30, ki ambaci sunayen unguwannin da kika daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban Allah.

Addu'a: Ya Uba, ga Kaduna a gabanka, daga Kawo har Sabon Tasha, daga Rigasa har Kabala. Ka warkar da waɗanda suka yi rashi a kowane gefen kogi. Ka ba matasa aikin yi, ka ba shugabanni tsoronka, ka tsare wa yara wurin wasansu. Ka cire tsoro daga ƙafafuna, ka nuna mini wanda zan gaisar a makon nan. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.