Tsaron Hankalin Yaro Daga Akushi Yake Farawa



Manyan malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar, watau addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. In aka zo kan tsaron hankali, yawancin masu wa'azi sukan tsaya ga haramcin giya da sauran kayan maye, kuma lalle gaskiya suka faɗa. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba. In shari'a ta hana baligi ya gusar da hankalinsa da abin da ya sha, to ina matsayin mutumin da ya bar hankalin ɗansa ya tsumbure saboda abin da bai ba shi ya ci ba?

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar sauran gaɓoɓin jiki, da abinci ake gina ta. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan wannan gini yana aukuwa ne cikin kwana dubu na farko, watau daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Abin lura shi ne, shekara biyun nan su ne cikar wa'adin shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, inda kuma ya ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. Rashin sinadarin aidin ga mai ciki, wanda shi ne ke kawo maƙoƙo, yana rage kaifin basirar ɗan da za ta haifa, shi ya sa tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi a gishiri. Ƙarancin jini kuwa yana sa yaro kasala da ƙuncin rai da rashin natsuwa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57.

Illar ba ta tsaya ga tsawon jiki ko ƙoƙari a aji ba. A shekarar 1986 wasu likitoci a ƙasar Jamaika suka fara bin rayuwar yara 129 da suka tsumbure tun suna goye. Da yaran suka kai shekara 17, aka tarar sun fi tsararrakinsu fargaba da baƙin ciki da raina kai. Aka kuma tarar waɗanda aka koya wa uwayensu yin wasa da hira da su tun suna ƙanana sun sami sauƙin wannan hali ƙwarai. Ke nan ciyarwa da tausasawa tare suke tafiya. Haka nan a shekarar 2014 masana suka tattara bincike 12 daga ƙasashe dabam-dabam, suka ga yara da samarin da suka dogara ga kayan zaƙi da soye-soye sun fi yawan damuwar zuciya. Ba kowace damuwa ce take fitowa daga abinci ba, gama akwai gado, akwai maraici, akwai tashin hankalin gida. Amma abinci yana cikin sababan da ke hannun iyaye.

To, a nan ne ya kamata kowane maigida ya dubi gidansa. A gidaje da yawa akushin maigida ne ke samun tsoka da man shanu, yara kuwa sai gayan tuwo da ɗan romo. Wasu suna hana yaro ƙwai wai don kada ya tashi da sata, maganar da ba ta da tushe a shari'a ko a likitanci. Wani kuma yana da hali, amma sai ya sallami ɗansa da kuɗin biskit da lemon kwalba, ya ɗauka ya sauke nauyi. Sa'an nan in yaron ya kasa riƙe hadda, ko ya yi gyangyaɗi a kan allo, sai a ce daƙiƙi ne, a ɗauko dorina. Wannan zalunci ne ninki biyu: an hana shi haƙƙinsa, an kuma hukunta shi a kan sakamakon hanawar. Haka al'amarin almajirin da aka kai wani gari ba guzuri, ana so ya haddace Littafin Allah da ragowar tuwon jiya.

Magabata ba su ɗauki wannan da wasa ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umar yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya ji jariri yana ta kuka. Da ya bincika, uwar ta ce tana ƙoƙarin yaye shi ne tun lokaci bai yi ba, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Gari na wayewa Halifa ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Shugaba ke nan da ya ɗauki kukan jariri ɗaya a matsayin laifin dokarsa.

Mai yiwuwa wani ya ce ai talauci ne. Gaskiya ne tsadar abinci ta matsa wa jama'a, kuma Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma abin da ake nema ba abincin sarakuna ba ne. Wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da zogale, da alayyahu, da daddawa, da nono, da busasshen kifi, da awara, duk suna gina jiki da ƙwaƙwalwa. Wanda yake da kuɗin goro da taba kullum ba zai ce ya rasa kuɗin ƙwai ɗaya ba. Inda kuwa uba ya gaza da gaske, nauyin bai faɗi ba, ya koma ne kan dangi da maƙwabta da masu fid da zakka da hukuma.

Yaro ba ya iya kai ƙara, bai ma san an tauye shi ba. Saboda haka ne aka kira shi amana, kuma kowane mai amana za a tambaye shi. Allah Ya hore wa iyaye abin ciyarwa na halal, Ya raya zuriyar Musulmi cikin lafiyar jiki da ta hankali, amin.