Ko Kwaɗayi Ne Mutum Ya Ƙi Diyyar Hukuma?

Jama'a, a shekarar 1947 Gwamnatin Ingila ta yarje wa Hukumar garin Bamingam ta saye gidaje wajen 30,000 tilas, a Ladywood da waɗansu unguwanni huɗu, don a rushe a gina sababbi. Haka aka share unguwar Hulme a Mancesta cikin shekarun 1960. Gidajen sun lalace kam, ba musu. Amma a wancan lokaci in aka ce gida bai cancanci zama ba, kuɗin fili kaɗai akan biya, gini ya tafi a banza.

To, wanda ya ƙi yarda ya kai ƙara, kwaɗayi ya yi? Waɗansu sun ce i, wai amfanin jama'a ya fi na mutum guda. Ni ban ga haka ba. In amfanin na kowa ne, don me hasarar za ta faɗa kan mutum ɗaya? Ga shi kuma mai saye shi ne mai yanka kuɗi. Ko a kasuwar Kurmi ba a ciniki haka. Kotun filaye da dokar 1949 ta kafa, ai don irin wannan jayayya aka kafa ta.

Sai a 1973 doka ta yarda a biya mutum wani abu saboda raba shi da gidansa, bayan an riga an watsa mutanen Hulme.