Ɓargon Ɗan'uwa: Bashi Ne Ko Kyauta?

Da wuya a sami zuri'a a Bana ko Gaya wadda ba ta san ciwon amosanin jini ba, wato sikila. Mun ji kukan yara cikin dare, mun ga iyaye suna sayar da bisashe don hanyar Dosso da Yamai.

Akwai hanyar raba yaro da cutar, ita ce dashen ɓargo: a kashe ɓargonsa da magani, a ɗura masa na mai lafiya ta jijiya, ya zauna cikin ƙashi yana yin sabon jini. A 2011 aka fara yi wa mai sikila wannan aiki a Nijeriya, a asibitin koyarwa na birnin Benin, na jihar Edo ba ƙasar da muke maƙwabtaka da ita ba, kuma ɗan'uwan yaron ne ya bayar.

Sai dai ba kowane ɓargo jiki ke karɓa ba. Allah Ya sanya wa ƙwayoyin jikin mutum tambari, likitoci na kiransa HLA, rabi daga uwa rabi daga uba. Idan tambarin shaƙiƙi ya dace, kimanin yara 9 cikin 10 ke warkewa. Idan ya saɓa, ko dai jiki ya kori baƙon, ko baƙon ya juyo ya yaƙi mai masaukinsa, ya ci fata da hanji da hanta, wani lokaci har a rasa rai. Kowane shaƙiƙi damar dacewarsa 1 cikin 4 ce. 'Yan uba kuwa galibi iyakarsu rabin dacewa. Ana dashe da su a yau, amma haɗarin ya fi yawa.

To, idan gwaji ya nuna yaro ɗan shekara goma shi kaɗai ya dace da ƙanwarsa, ɓargonsa ya zama bashi a kansa? Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta bayar da abin da jiki ke mayar da gurbinsa, kamar jini, da sharaɗin mai bayarwa ya zama cikakken mai ikon kansa. Ɓargo yana komawa cikin 'yan makonni, amma yaro bai balaga ba, kuma a gidajenmu wane ɗa ne zai ce wa mahaifinsa a'a? Shirunsa kunya ce, kada mu lissafa ta a matsayin yarda.

Muna ganin waliyyi a nan riƙon amanar 'ya'ya biyu yake yi, kuma ciwon ɗaya ba ya sauke masa haƙƙin ɗayan. Ya zaunar da yaron, ya gaya masa za a sa shi barci a tsotsi ɓargon daga ƙashin ƙugunsa, zai ji ciwo kwanaki kaɗan. Ya kuma gaya masa tun kafin a shiga ɗakin aiki cewa dashe yakan ƙi ko da tambari ya dace, kuma idan ƙanwar ta rasu ba jininsa ne ya kashe ta ba. Mun fi jin tsoron a manta wannan magana ta ƙarshe, domin ranar zaman makoki hankalin kowa yana kan uwa, ba mai duban yaron da ke zaune a bakin zaure.