Hoton da Aka Cire wa Bututu

Akwai wata sana'a wadda ba ta daɗe da yaɗuwa a duniya ba, wato dasa lambu a ƙarƙashin ruwa cikin akwatin gilashi. Ta bambanta da kiwon kifin ado wanda akan gani a zaurukan masu hali, gama a nan tsire-tsire ne masu gida, kifi kuwa baƙo ne. Akan zuba ƙasa ta musamman a gindin akwatin, a jera duwatsu da busassun saiwoyi, a dasa ciyayin ruwa ɗaya bayan ɗaya da matsefata, sa'an nan a cika shi da ruwa. Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne Takashi Amano, mutumin Niigata ta ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1954, ya rasu a 2015. Shi mai ɗaukar hoto ne, ya kuwa shiga kurmin Amazon da na Borniyo da na Afirka ta Yamma da kyamararsa. A 2001 kamfaninsa ya soma wata gasa ta shekara-shekara wadda mutane daga ƙasashe da yawa suke shiga. Alƙalan gasar ba su zuwa gidan kowa. Hoto kaɗai ake aika musu, a kansa kuma suke yanke hukunci.

Lambun da ke cikin hoton yana kama da wani rafi wanda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Amma a bayansa akwai wahala. Sai an kunna masa fitila wajen awa 8 kowace rana. Sai an tura masa iskar kabon daga tukunyar ƙarfe domin ciyayin su yi girma. Kashin kifi yana zama guba a cikin ruwa, saboda haka sai an sa injin tace ruwa, inda waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zaune, suna juya gubar ta zama taki. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, akan jira mako 4 zuwa 6. Kowane mako a kwashe wajen sulusin ruwan a zuba sabo, a yi wa ciyayi aski da almakashi, a kankare gansakuka. Har akwai wani ƙaramin jatan lande mai cin gansakuka wanda masu sana'ar suke kira da sunan Amano, gama shi ya yaɗa amfani da shi.

Ranar ɗaukar hoto kuwa, sai a cire dukan abin da ke nuna wannan wahala. A zare bututun injin, a fitar da na iska, a goge gilashi. Waɗansu har sukan hura na'urar busar da gashi a fuskar ruwan domin ya yi kamar iskar daji ce ke kaɗa shi. A jira kifaye su jeru, a danna. To, ga tambayar: hoton da aka cire wa bututu, ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya?

Mai kare hoton yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce wanda ya share ɗaki kafin baƙo ya iso bai yaudari baƙon ba, ya girmama shi ne. Amarya ranar kai ta ɗaki ba ta fita da kayan daka. Wanda ya tafi gidan hoto da babbar rigar salla bai ce kullum haka yake ba. Alƙalan gasa kuma duk masu sana'ar ne, sun san akwai bututu kamar yadda suka san akwai ruwa. Abin da kowa ya sani, ɓoye shi kunya ce da tsabta. Wannan magana daidai ce, iyakar inda ta tsaya.

Sai dai akwai wuraren da zancen ruwa da bututu ba ya zama zancen ado. Tamanraset na cikinsu. Gari ne a kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, a tsakiyar Sahara, ƙasar Abzinawa, inda ruwan saman shekara guda ba ya cika kai milimita 50. Hausawan Nijar sun san shi sarai, gama hanyar Agadas da Arlit da Asamaka da In Gezam can take kaiwa, ana kuma jin Hausa a kasuwanninsa. Shekaru da yawa garin yana fama da ƙarancin ruwa, motocin tanki ne abin dogara. A 2011 aka buɗe bututun da ke kawo masa ruwa daga In Salah, tafiyar kilomita 750, da tashoshin turawa 6 a hanya, domin ruwan hawa yake yi. Ruwan kansa tsoho ne, ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ake ruwan sama a Sahara, abin da ke komawa cikinsa yanzu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Yana kuma da zartsi, har aka gina wurin tace shi a In Salah.

Yaron da aka haifa bayan 2011, in ya murɗa kan famfo ruwa ya zubo, hoto ne yake gani wanda aka cire wa bututu. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Duk da haka in ba a taɓa faɗa masa daga ina ruwan ya fito ba, zai girma yana tsammani haka duniya take, ruwa daga bango yake fitowa. A nan ne hujjar mai kare hoto take raunana. Ta dogara ga cewa mai kallo ya riga ya sani. Alƙali ya sani. Amma hoto ba ya tsayawa a hannun alƙali, musamman yanzu da wayar hannu take kai shi ko'ina. Yakan isa wurin wanda bai taɓa jin labarin injin tace ruwa ba. Shi kuwa sai ya sayi akwati, ya zuba kifi rana ɗaya, kafin mako biyu ruwan ya yi kore, kifayen su taso ciki sama. Bai san abin da ya rasa ba, gama an cire shi daga hoton.

Da kifi kaɗai ke mutuwa, da da sauƙi. Akwai wani irin hoto da ke tafiya daga arewa zuwa kudu a wannan hanya: saurayi ya jingina da motar da ba tasa ba, da sabuwar riga, yana murmushi. Ya aika gida domin uwarsa ta sami barci, niyyarsa kuwa ba mugunta ba ce. Amma ƙanensa ma yana kallo. Hoton bai nuna ɗakin da mutum goma suke kwana ba, bai nuna ƙishirwar hanya ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Talauci ne ya fitar da su daga gida, ba za a ɗora wa hoto wannan alhaki ba. Sai dai wanda ya san hanyar nan ya kuma ɓoye wa na baya yadda take, ba za a lissafta shi tare da mai share ɗaki saboda baƙo ba. Mai share ɗaki, baƙonsa zai kwana ya tafi lafiya. Wannan kuwa, mai kallo zai sa ƙafa bisa ga abin da ya gani.

Wani zai tambaya ko ya dace ma a ajiye irin wannan akwati a garin da ruwa ke da tsada haka. Wannan ba ita ce babbar matsala ba. Akwati mai lita 100 yana bukatar wajen lita 30 a mako, wanda aka kwashe kuma taki ne ga shukar tsakar gida. Raƙumi mai ƙishirwa yakan sha fiye da haka a tsayuwa ɗaya. Mai kula da akwatin ma ya fi maƙwabtansa sanin darajar ruwa, gama kowane mako hannunsa yana ciki. Shi dai ba a ruɗe shi ba.

Abin mamaki, irin lambun da Amano ya yi ta kwaikwayo yana nan a duwatsun Ahaggar, ba gilashi, ba lantarki. Su ne tafkunan cikin dutse waɗanda Larabawa ke kira gelta, Abzinawa kuma agelmam, kamar na Isakarasen da na Afilal, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar a 2001 da 2003. Akwai ciyayin ruwa a cikinsu, akwai kuma ƙananan kifaye dangin barbus, jikokin waɗanda suka ragu tun da kogunan Sahara suka ƙafe, shekaru kusan 5,000 ke nan. Masu yawon buɗe ido sukan ɗauke su hoto, sukan kuma kauce wa kashin raƙumi da sawun awaki a bakin ruwa. Su ma tafkunan suna da abin da ke riƙe da su a ɓoye: inuwar dutse mai hana rana shanye su, da ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin yashi, da ambaliyar da kan zo jifa-jifa ta wanke su. Makiyayin da ke shayar da dabbobinsa a can ya san wanne ke ƙafewa a shekarar fari, wanne kuma ke riƙewa, yakan kuwa koya wa ɗansa kafin ya sake shi da garke.

Masu sana'ar akwatin gilashi su ma suna da tasu ƙa'ida a ranar hoto. Ba a barin injin a kashe ya daɗe, gama ƙwayoyin da ke cikinsa suna bukatar ruwa mai gudu domin su sami iska. Da an gama dannawa, tun ba a zauna duba hotunan ba, sai a mayar da bututu a kunna.