AKUSHIN FARKO: TUNAWA DA MAHAIFINMU A LOKACIN KIRSIMETI



Ga shi mun shiga makonni huɗu na shirin zuwan Mai Ceto. Hunturu ya sauko, an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu. A irin wannan lokaci ne zuciya takan koma gida, ta shiga ƙirga waɗanda muka yi Kirsimetin baya tare da su, amma yau sai gurbinsu. Mu 'ya'yan gida ɗaya ne daga wani ɗan ƙauye a ƙasar Roni, cikin masarautar Kazaure. Mun ga ya dace mu ba ku labarin mahaifinmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya, domin akwai wani abu da ya bar mana wanda muke tsoron kada ya ɓace a hannunmu.

An haifi Baba a gidan Maguzawa, ya kuma karɓi baftisma bayan ya zama magidanci. Manomi ne, bai yi karatun boko ba, yana da zafin rai, ba shi da yawan magana. A zamanin ƙuruciyarmu babu Jihar Jigawa, gama sai a 1991 aka ƙirƙiro ta, ƙasar Kano duka kuwa tana ƙarƙashin Babban Dayosis na Kaduna ne. A 1991 ɗin ne aka ware Kano, ta kuma zama cikakken dayosis a 1999, da Bishop Patrick Sheehan a matsayin bishop na farko. Firistoci kaɗan ne ƙwarai a lokacin. Mukan yi watanni ba mu ga Fada ba, sai katekist ne yake riƙe da mu da addu'a da koyarwa.

Da zarar Disamba ta kama, Baba yakan kai gyaɗarsa kasuwar Kazaure, ya dawo da yadi iri ɗaya domin dukanmu, da 'yar shinkafa mudu biyu ko uku. Sau ɗaya ke nan a shekara da muke ganin shinkafa a tukunyar Inna. Bayan haka sai ya sa mu yanko karan dawa, ya kafa 'yar bukka a tsakar gida, mu kuwa mu ɗebo yumɓu mu gina jaki da tumaki, har da raƙumi irin waɗanda ake ketowa da su daga Nijar ta wajen Ɓaɓura. Komin dabbobin yakan kasance wofi har daren biki. Sai da muka girma muka ji cewa Waliyyi Faransis na Asisi ya yi irin wannan a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya a 1223, kuma Paparoma Faransis ya ziyarci wurin ranar 1 ga Disamba 2019, inda ya sa hannu a wasiƙar da ta ƙarfafa iyalai su riƙe wannan al'ada. Baba bai san wannan tarihi ba. Katekist ne ya nuna masa sau ɗaya, shi kuwa ya riƙe.

A daren 24 ga wata mukan bi shi a baya, yana riƙe da fitila, ɗari yana kaɗa mana haƙora, har mu isa 'yar majami'armu ta laka. Mata suna waƙa, samari suna kaɗa ganga. Idan katekist ya buɗe Bisharar Luka sura ta 2, sai Baba ya cire hularsa ya durƙusa a ƙasa mai sanyi, ba ya tashi sai an gama karatu. Ganin mutumin da muke jin tsoro haka ya durƙusa a gaban jariri, shi ne katekisim ɗinmu na farko.

Amma abin da ya fi zama a ranmu shi ne safiyar Kirsimeti. Idan Inna ta sauke tukunya, ba wanda ya isa ya taɓa abinci sai an fitar da akushi uku. Na farko na Fulani makiyaya ne, waɗanda suke sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Na biyu na maƙwabcinmu Musulmi ne, wanda shi ma bai taɓa fasa aiko mana da naman layya ba. Na uku na wata tsohuwa ce da ba ta da kowa. Mu ne 'yan aike, ƙamshin miya yana dukan hancinmu, cikinmu yana kuka.

A shekarar farin 1973 damina ta gaza, amfanin gona ya lalace, dabbobi suka yi ta mutuwa a duk faɗin arewacin ƙasar Kano. Babu yadi, babu shinkafa, sai ɗan gero da ya rage a gindin rumbu. Inna ta ce masa, "Maigida, bana kam a haƙura da rabon nan, yaranka ma ba su ƙoshi ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Uwar yara, wa aka fara kai wa albishir a daren jiya? Ai makiyaya ne. To, ba za mu ci mu bar su ba." Aka dama kunu, aka raba, muka kai. Ba za mu ɓoye muku ba, mun kwana da yunwa ranar, mun kuma ji haushinsa. Ba a yi wata mu'ujiza ba, rumbu bai cika ba. Shekaru da yawa suka wuce kafin mu gane cewa Baba yana koya mana ma'anar bikin ne: Allah ya ba da Ɗansa tilo ga duniyar da ba ta da abin sāka masa, saboda haka wanda ya karɓi wannan kyauta ba ya fara da cikinsa.

Idan muka tuna da Baba, Waliyyi Yusufu ne yake faɗo mana a rai. A cikin Bishara huɗu ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakin Yusufu ba. Abin da Matiyu ya nuna mana shi ne mutum mai tashi ya aikata: ya karɓi Maryamu, ya raɗa wa yaron suna, ya tashi da dare ya gudu da su Masar. Paparoma Pius na Tara ya ayyana shi majiɓincin Ikkilisiya duka a 1870, Paparoma Faransis kuma ya keɓe masa shekara guda daga 8 ga Disamba 2020. Ƙauyukanmu na Gwiwa da Roni da Kazaure cike suke da irin waɗannan iyaye maza, waɗanda ba su taɓa hawa bagade sun yi wa'azi ba, amma ta wurinsu ne bangaskiya ta iso gare mu.

Yanzu ga furcinmu. Kirsimetin Baba na ƙarshe ba ko ɗayanmu da ya je gida. Aiki ya watsa mu Kano da Kaduna da Abuja, kowa ya aika da kuɗi, kowa yana cewa sai baɗi. Alhali daga Kano zuwa Kazaure tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Inna ta gaya mana cewa ya kafa bukkarsa shi kaɗai da hannu mai rawa, ya kuma roƙi yaran maƙwabta su kai masa akushin nan uku. Kafin ruwan farko ya sauka, Ubangiji ya kira shi. Kuɗinmu ya isa gida, mu ba mu isa ba.

Ikkilisiya ba ta bar mu da nadama kawai ba. Tana koya mana cewa mutuwa ba ta yanke zumuncin tsarkaka, kuma addu'armu tana amfanar waɗanda ake tsarkakewa kafin su ga fuskar Allah. Littafin Makkabiyawa na Biyu sura ta 12 ya yabi Yahuza da ya sa aka miƙa hadaya domin matattu. Waliyyiya Monika, da za ta rasu a Ostiya a shekara ta 387, ba ta damu da inda za a binne ta ba, abin da ta roƙi ɗanta Agustin da ɗan'uwansa shi ne su tuna da ita a bagaden Ubangiji. Wannan aiki ba na ranar 2 ga Nuwamba kaɗai ba ne.

Saboda haka, ƙaunatattu, muna roƙonku. Wanda iyayensa suke da rai, ya je gida bana, ko da hannu wofi. Wanda nasa suka rasu, ya nemi Fada ya miƙa Misa dominsu, ya kuma gaya wa 'ya'yansa sunayensu da halayensu. Kada mu ci bashi domin tufafi, kada kuma mu ƙarar da bikin a gidan giya. A wannan zamani da zargi ya yi yawa tsakanin manomi da makiyayi, tsakanin Kirista da Musulmi, kowane gida ya fitar da akushin farko kafin ya ci, ya kuma ba yaro ya kai, domin yaron ya tuna.

Ya Ubangiji Yesu, wanda aka kwantar a komin dabbobi saboda mu, ka ji ƙan mahaifinmu da dukan iyayenmu da suka rasu cikin bangaskiya. Ka yafe musu kurakuransu, ka karɓe su a gidanka, mu kuma ka ba mu ƙarfin riƙe abin da suka bar mana. Amin.

Barkanmu da Kirsimeti.