Asusun Baƙon Mai Gida a Sifaniya: Tsakanin Ladan Aiki da Kuɗin Ruwa

Wanda ya mallaki gida a ƙasar da ba a cikinta yake zaune ba yakan tarar cewa gidan yana ci gaba da cin kuɗi ko yana nan ko ba ya nan, kuma masu bin waɗannan kuɗaɗe ba sa jiran ranar zuwansa. Sifaniya ta dace da wannan nazari, domin kimanin kashi 15 cikin ɗari na gidajen da aka sayar a can a shekarar 2023 baƙi ne suka saye su, musamman a yankunan Alikante da Malaga da tsibiran Kanari, kuma a cikin masu sayen akwai Turawan Ingila da Jamusawa da Faransawa da 'yan Maroko. Mai gida yana biyan harajin ƙaramar hukuma na shekara-shekara da ake kira IBI, da kason da ƙungiyar masu gidajen bene ɗaya take yanka masa don gyara da shara, da kuɗin famfo da na lantarki, kuma yawancinsu ana cire su ne kai tsaye daga asusun banki bisa izinin da ya sa wa hannu tun farko. Gwamnatin ƙasar ma tana ɗaukar cewa gidan da ba a sa haya ba yana amfanar mai shi, sai ta ƙiyasta wannan amfani da kashi 1.1 ko kashi 2 cikin ɗari na ƙimar gidan a rijistar filaye, ta karɓi kashi 19 cikin ɗari na abin da ta ƙiyasta daga mazauna Tarayyar Turai, kashi 24 daga akasarin sauran.

Saboda haka asusu ya zama dole, sai dai asusun da ake buɗe wa wanda ba mazaunin ƙasa ba yakan fi na ɗan gari tsada. Ana neman lambar shaidar baƙo da ake kira NIE wajen sayen gidan, ana kuma neman hujjar cewa mai asusun ba mazauni ba ne, wadda ake sabuntawa duk bayan shekara biyu, sannan banki yana cire kuɗin kula da asusu da kuɗin kati. Akwai asusun talaka da dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta wajabta wa bankuna, wanda Sifaniya ta ƙayyade cewa kuɗinsa ba zai wuce yuro 3 a wata ba, amma an tanade shi ne don mazauna Tarayyar da masu neman mafaka, don haka mai gidan da yake zaune a wajen Tarayyar ba shi da hakki a kansa. Daga nan ne yake shiga neman asusu mai araha, ko wanda aka ce kyauta ne. Ga Musulmi, tambayar ta wuce lissafin yuro, domin idan aka auna lamarin da ma'aunin fikihu, kuɗin hidimar da yake gudu shi ne ɓangaren da ya fi tsarki a hulɗarsa da banki, shubuha kuwa ta fi yawa a cikin abin da aka kira kyauta.

Kafin a fahimci hakan sai an san matsayin kuɗin da ke cikin asusu. Jama'a suna kiransa ajiya, amma ajiya a wurin malaman fikihu, wato wadi'a, dukiya ce da ake ba mutum ya tsare ba tare da ya taɓa ta ba, kuma idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Banki kuwa yana gauraya kuɗin da na sauran jama'a, yana juya shi yadda ya so, kuma ya ɗauki nauyin mayar da kwatankwacinsa a duk lokacin da aka nema, wannan kuma shi ne siffar rance. Buhari ya ruwaito cewa sahabi Zubairu ɗan Awwam yakan ƙi karɓar dukiyar mutane a matsayin ajiya, sai dai a matsayin bashi, don gudun kada ta ɓace mai ita ya yi asara. Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bi wannan fahimta a zamanta na Abu Dabi a 1995, inda ta yanke cewa kuɗin asusun yau da kullum rance ne, ko bankin na Musulunci ne ko ba na Musulunci ba. Dokar Turai da ta lamunce wa kowane mai asusu har yuro 100,000 idan banki ya durƙushe tana ƙara nuna cewa bashi ne ake bin bankin. Ke nan baƙon da yake ganin kansa mai roƙon alfarma a gaban ma'aikacin banki, a haƙiƙa shi ne mai ba da rance.

Ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce, duk amfanin da aka sharɗanta wa mai ba da rance saboda rancensa riba ce, wato kuɗin ruwan da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka haramta. Wannan ya sa ƙarin da banki yake zubawa a asusu a ƙarshen wata ko shekara ba ya halatta, komai ƙanƙantarsa. Kuɗin kula da asusu kuwa daga hannun mai ba da rance yake fita zuwa ga wanda aka ranta wa, kuma ana biyansa ne a kan ayyuka sanannu: riƙe lissafi, biyan kamfanin lantarki a ranar da ya nema, buga kati, aika kuɗi. Wannan ijara ce, wato ɗaukar wani aiki a kan lada, kuma sharaɗinta shi ne a san aikin a kuma san ladan tun kafin a ƙulla. Mutumin da ya biya yuro goma a wata a kan aikin da aka bayyana masa dalla-dalla ya yi ciniki irin wanda yake yi da mai gadin gidansa, babu abin da zai dami zuciyarsa a ciki face tsada.

Asusun kyauta shi ne yake buƙatar bincike, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Bankunan Sifaniya sukan yafe kuɗin hidima ne bisa sharuɗɗa: a riƙa zuba albashi ko fansho kowane wata, ko a bar wani adadi da ba zai ragu ba, ko a sayi inshorar gida ta hannun bankin, ko a zuba kuɗi a asusun saka jari, ko a yi amfani da katin bashi sau kaza. Idan yafewar ta rataya ne a kan yawan kuɗin da aka bari, to an kusanci amfanin da rance ya jawo. Magabata sun tattauna irin wannan a mas'alar suftaja, wato mutum ya ba da rance a wani gari a rubuta masa takardar da zai karɓi kuɗinsa a wani garin, ya tsira daga haɗarin hanya. Malikawa sun hana ta sai idan tsoro ya game hanyoyi, yayin da Ibnu Ƙudama da Ibnu Taimiyya suka halatta ta saboda amfanin na ɓangarorin biyu ne ba tare da cutar da kowa ba. A kan irin wannan fahimta ta biyu ne malaman zamani da yawa suka sauƙaƙa a kan hidimomin da suka shafi zuba kuɗi da cire shi kawai, kamar kati da takardar caki, domin hanya ce ta biyan bashin. Amma idan sharaɗin shi ne sayen wata haja ta bankin, an haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, abin da hadisi ya hana kuma Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, balle idan hajar kanta katin bashi ne mai ruwa ko jarin da aka zuba a takardun lamuni.

Wasu sukan kare kansu da cewa hukunci yana sauyawa a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Gaskiya ne an ruwaito daga Abu Hanifa da almajirinsa Muhammadu Shaibani cewa riba ba ta gudana tsakanin Musulmi da ɗan ƙasar yaƙi a can ƙasar, amma Abu Yusuf ya saɓa musu, haka ma Malik da Shafi'i da Ahmad, waɗanda suke ganin haram ba ta sauya hali don an tsallaka iyaka. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta jingina da wancan ra'ayi da kuma hujjar buƙata a 1999, lokacin da ta halatta sayen gida da bashin banki, amma ta taƙaita hakan ga Musulmin da yake zaune a can, wanda ba shi da gidan da zai ishe shi da iyalinsa, kuma bai sami wata hanya ba. Mai gidan hutu ko gidan haya bai shiga wannan rangwame ba. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa a wannan ƙasa ta Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya kasa maslahohi uku: larura, wadda rayuwa ko addini suke rushewa idan babu ita, buƙata, wadda rashinta yake jawo ƙunci, da ƙawa, wadda take ƙara daɗin rayuwa. Gida na biyu a bakin teku ƙawa ne, amma da zarar an mallake shi, asusun da za a biya haƙƙoƙinsa ya zama buƙata, musamman da yake Sifaniya ba ta da cikakken bankin Musulunci irin Al Rayan na Ingila ko Jaiz na Nijeriya. Abin da aka halatta don buƙata kuwa ana tsayawa ne a gwargwadonta: a bar abin da zai biya kuɗaɗen gidan da ɗan rara, don kada asusun ya ƙare banki ya biya a madadinsa ya ɗora masa ruwa, idan kuma wani ƙari ya shigo ba da nemansa ba, ya fitar da shi ga mabuƙata ko amfanin jama'a ba da niyyar sadaka ba.

Kamfanonin kuɗi na intanet sun rage tsadar, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2012 ta hana mai karɓar kuɗi ƙin asusun yuro don kawai a wata ƙasar Tarayyar aka buɗe shi, ko da yake har yanzu ana samun ofisoshin da suke yin gardama. Sai dai a nan ma akwai abin lura guda biyu. Na farko, wasu daga cikin waɗannan kamfanoni ba bankuna ba ne, don haka lamunin yuro 100,000 bai shafe su ba, kuma tsare dukiya yana cikin manufofin shari'a. Na biyu, wanda kuɗin shigarsa fam ne ko dala ko naira yakan yi babbar asararsa ne a wajen canji, inda ake cewa aikawa kyauta ce amma a ɓoye ladan a cikin farashin yuro. Shari'a ta sharɗanta a canji a karɓa hannu da hannu, kuma Majalisar Fikihu ta amince a 1990 cewa shigar kuɗi a asusu tana tsayawa a matsayin karɓa. Abin da ya rage ga mai aikawa shi ne ya san ainihin farashin kafin ya yarda, domin yardar da aka gina a kan jahilci ba cikakkiya ba ce.

Akwai kuma hakkin baƙon a kan banki. Wani ɓangare na tsadar yana da dalili, tunda dokar Sifaniya ta 2010 kan hana halatta kuɗin haram ta ɗora wa bankuna binciken asalin dukiyar abokan hulɗarsu, kuma binciken wanda yake nesa ya fi wuya. Amma abin da ya haura ƙimar aikin, wanda aka ƙara don kawai mutumin bai iya harshen ba, ko ba ya nan balle ya yi ƙorafi, ya shiga cikin abin da shari'a ta yi gargaɗi a kai tun da ta hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Shi ma baƙon akwai nauyi a kansa, domin ya shiga ƙasar ne da amana, kuma asusun da ya bari babu kuɗi yana nufin maƙwabtansa na bene ne za su ɗauki kason gyaran rufin da ya kamata ya biya.

Don haka araha ita ce ma'auni na ƙarshe a jerin abubuwan da mai gida zai duba. Zai fara tambayar ko asusun yana ɗauke da ruwa, na karɓa ko na biya; sannan ko an ɗaure shi da sayen abin da ba ya buƙata ko abin da bai halatta ba; sannan ko an bayyana masa kowane lada da farashin canji; sannan ko kuɗinsa yana cikin aminci kuma haƙƙoƙin da ke kansa za su isa ga masu su a kan lokaci. A tsakanin asusun da suka tsallake waɗannan tambayoyi ne neman mafi sauƙin kuɗi yake zama wajibin hankali, tunda almubazzaranci ma abin hani ne, kuma wanda ya iya sayen gida a wata ƙasa ya fi kowa ikon biyan ladan aikin da aka yi masa a fili.